Ni Na Tara Taken Gidaje, Taubashiyata Ta Tara Jama'a

Assalamu alaikum Hajiya Lauratu. Don girman Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Akwai wani saƙo da na rubuta a wayata ban tura ba. Kullum sai na buɗe shi, in gyara kalma ɗaya, in rufe. In na tura wataƙila in sami abin da nake nema, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ba ni da wanda zan faɗa wa a gida, don duk wanda na duba ɗan'uwan wadda abin ya shafa ne. Sunayen mutane kawai na sauya, sauran duk yadda ya faru ne.

Ni ɗan Sheme ne, cikin ƙasar Faskari. Bara na gama hidimar ƙasa bayan na karanci al'adu da wasannin gargajiya a jami'a. Kakana marigayi Gide Bamaguje ne kafin ya musulunta, kuma manomi ne da ake buga wa ganga. Ga wanda bai sani ba, a wajenmu in an kira gayya, wato an taru a gonar mutum ɗaya ana taya shi aiki, masu gangar noma suna bin manoma a baya. Kowane gidan manoma yana da takensa, wani salon kiɗa da ba na kowa ba ne sai nasu. Da an buga na gidanku sai ka ɗaga garma sama, ka yi kirari, jama'a su amsa.

Yanzu gayyar ta yi wuya. An bar gonakin da ke nesa da gari saboda 'yan bindiga, ƙauyuka da dama ta wajen Sabuwa sun watse, makaɗan kuma tsufa suke yi ba magada. A kan wannan na yi aikina na kammala karatu. Na bi tsofaffi a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, iyakar inda hanya ta yarda, na naɗi taken gidaje sittin da huɗu, kowanne da tarihinsa. Da na dawo gida na kafa ƙungiya don kada abin ya mutu.

Sai ga Rahila. Ɗiyar goggona ce, wato taubashiyata. Goggo ta yi aure a wani gidan Kirista kusa da Yankara, kuma zumuncinmu bai taɓa samun tangarɗa ba. Aji ɗaya muka yi da Rahila a jami'a, sashe ɗaya. Ba don alfahari ba, ni na fi kowa sakamako a ajinmu, ita kuwa da ƙyar ta haye, babin ƙarshe na aikinta ma ni na duba mata. Ni na fara kafa ƙungiya, tata ta biyo baya. Wannan ba ra'ayi ba ne, kowa ya sani.

Taron farko da na shirya, na aro ɗakin taro na wata makaranta a Faskari, na ɗauko hayar kujeru ɗari da hamsin, na buga katin gayyata. Mutum arba'in da ɗaya suka zo. Cikinsu akwai Baba Barau, Sarkin Noman yankinmu, da mutanensa a kan babura. Na tsara komai a rubuce: addu'a, jawabin shugaban taro, taƙaitaccen bayanina kan tarihin gangar noma, sannan kiɗa. Bincikena ya nuna taken wani gida na wajen Ƙanƙara shi ya fi daɗewa, don haka na ce a fara da shi, a bi tarihi daki-daki. Na Baba Barau ya faɗo na tara, saboda kakansa daga baya ya zo ƙasar. Da na ba Baba Ɗanlahadi tsarin, shi ne babban makaɗinmu, ya dube ni ya tambaya ko haka nake so. Na ce haka bincike ya nuna. Ya sake tambaya, na sake ba shi amsar.

Na kuma roƙi jama'a ta lasifika kowa ya zauna a kujerarsa saboda mai ɗaukar bidiyo, a bar kirari sai ƙarshe. Wani dattijo ya zabura da aka buga na gidansu, na sa aka zaunar da shi cikin ladabi. Ana cikin take na uku Baba Barau ya miƙe, ya gyara hula, ya fice, mutanensa suka bi bayansa. Har yau ban gane ba, don saura kaɗan a zo kansa, kuma kujerar gaba na ba shi, mai hannu. Taro na biyu mutum goma sha bakwai na gani, har da ƙannena. Tun daga nan duk lokacin da na aika wa Baba Ɗanlahadi sai a ce bayansa na ciwo.

Amma bayan ba ya ciwo ranar kasuwar Yankara. Rahila ba ta da ɗakin taro, ba ta da kati, ba ta da tsari. Da la'asar, in mutane sun sayar da hatsinsu, sai ta tara makaɗa a fili bayan 'yan buhu. Kafin ranar takan bi gidajen da mutanen ƙauyukan da suka watse suke zaune, ta ce musu ranar kasuwa za a kira gidansu. Tana ɗauka da wayarta, ta yanka guntu-guntu, ta kai wa masu cajin waya su zuba wa mutane. Yanzu har a Sabuwa ana kiranta, 'yan coci sun kira ta, ƙungiyar manoma ta Musulmi ma ta kira ta.

Hajiya, na je na gani da idona, don ba na son in yi magana a kan ji-ta-ji-ta. Na laɓe bayan wata motar masara na ƙirga. Sun haura ɗari huɗu, ban da yara. Da Baba Barau aka fara, ya shigo fili da tsohuwar garmarsa yana kirari kamar saurayi. Na ga wata tsohuwa daga wani ƙauyen Sabuwa da aka buga taken mijinta da ya rasu, ta shiga fili tana rawa tana share hawaye da bakin zanenta, mata suna rangaɗa guɗa. Wallahi maimakon in ji daɗi, abin da ya zo mini shi ne: ni na fara naɗar wannan taken, a gidan ɗanta, kuma babu wanda ya sani. Ina cikin haka Baba Ɗanlahadi ya hango ni. Sai kawai ya juya kiɗan ya ɗauko taken kakana Gide. Mutane suka fara waige-waige suna neman ɗan gidan. Na manna waya a kunne kamar ana kirana, na bi ta bayan rumfuna na tafi. Ban taɓa amsa taken gidanmu ba a rayuwata, naɗa kawai na yi.

Da muka haɗu a gidan goggo, Rahila ta ce a gaban kowa wai Farfesa ya zo ƙirga su, ya gudu bai faɗi jimla ba. Ta ce in na gama da kujeruna in ba ta aro, tsofaffinta suna gajiya da tsayuwa. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, tunda ba a fushi da wasan taubashi. Amma ranar ban iya cin tuwon ba. Yanzu na kai ga ina bin bidiyonta ɗaya bayan ɗaya ina duba mutum nawa suka kalla, ina karanta abin da aka rubuta a ƙasa ko zan ga mai zagi. Ranar da ruwa ya tarwatsa mata taro na ji sanyi a raina, daga baya na yi istigifari.

Kada ki ɗauka aikinta ba shi da aibi. Tana datse kirarin tsofaffi don ya yi gajere a waya. Samari na shigo da rawar da suka gani a waya suna gauraya ta da tamu. Kuma a bidiyo biyu da na tabbatar, ta sa sunan wani gida a kan taken wani gidan daban, abin da a da yana iya jawo faɗa. Ita ma ta san da wannan, don ta taɓa neman in ba ta abin da na naɗa. Na ce mata kwamfutata ta lalace. Lafiyarta ƙalau.

Ga inda maganar take. Wata gidauniya mai tallafa wa wasannin gargajiya za ta zaɓi ƙungiya ɗaya a ƙananan hukumomin nan uku bayan kaka, ta ba ta kayan sauti, ta ɗauki nauyin makaɗanta, ta kai su Katsina su yi wasa. Ni da Rahila duk mun nema. Ƙa'idojinsu sun ce a nuna jama'a na ƙaruwa, a nuna dattawa na ciki, kuma kowane taro ya tashi kafin faɗuwar rana saboda tsaro. Na Rahila yana wuce magariba. Wancan karon mutanen wajen Sabuwa a duhu suka hau babura, wasu ma tsoro ya sa suka kwana a rumfunan kasuwa. Ina da hoto. Saƙon da na rubuta wa jami'in gidauniyar ke nan, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. In na tura za a cire ta, in ban tura ba na san ita za a ɗauka, ni kuma in zauna da faifaina. Ina gaya wa kaina don tsaron mutane nake yi, amma ban san ko gaskiya nake gaya wa kaina ba. In tura ko kar in tura? Kuma yaya zan yi da wannan abu da ke cin zuciyata?

Ɗanki,
Mai Kujeru Ba Mazauna, daga Sheme

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka tura. Goge shi yau, kafin ka gama karanta amsar nan in da hali.

Na yarda babu ƙarya a saƙonka. Amma ka duba inda zai faɗa. A wurin da ake fama da rashin tsaro, da zarar magana ta fita cewa taron ganga na sa mutane tafiyar dare, ba Rahila kaɗai za a tsayar ba. Mai gari zai ji, jami'an tsaro za su ji, kuma abin da ya fi musu sauƙi shi ne su ce kowa ya rataye gangarsa. Tsohuwar nan da ka gani tana rawa ta rasa filinta, kai ma ka rasa naka. Sannan garuruwan nan ba su da girman da za a ɓoye wanda ya kai ƙara. Da wane ido za ka dubi goggonka?

Ka tambayi kanka ko don tsaro kake yi. Ga yadda za ka gane: wanda ya damu da mutanen da ke hawa babur a duhu ba ya jira sai bayan kaka, kuma ba ya fara da jami'in da ke nesa. Zuwa yake wurin mai taron. Maganar kuwa babba ce, ba zan raina ta ba, don rai ba a wasa da shi. Ka je gidan goggo cikin makon nan, ka gaya wa Rahila baki da baki, ba cikin wasan taubashi ba, cewa ta riƙa farawa da an sauko azahar, ta fara sallamar mutanen nesa, ganga ta yi shiru rana na sama. In ta ƙi ji, ka ɗauki wani babba cikin danginku ku je wa mai gari a fili, da saninta. Amma kafin ka yi haka ka janye takardarka daga gidauniyar, don hannunka ya zama tsarkakakke. In ka ji ba za ka iya janyewa ba, to ka sami amsar tambayarka.

Abin da ke cin zuciyarka sunansa hassada, kuma ka yi ƙoƙari da ka iya kwatanta shi haka ba kwana-kwana. Ba a banza ta zo ba. Ka sha wahalar hanya, ka zauna gaban tsofaffi, ka riga kowa, sai ga yabo ya tafi wani gida. Son a san aikinka ba laifi ba ne. Laifin yana farawa ne daga inda ruwan da ya tarwatsa taron 'yar'uwarka ya zame maka abin farin ciki. Ka daina bin bidiyonta kana ƙirga, wannan kamar sosa gyambo ne.

Ka ce ba ka gane dalilin fitar Baba Barau ba. Ɗana, amsar tana cikin wasiƙarka, kai ka rubuta ta: a filin Rahila da shi aka fara. Sarkin Noma ba a sa shi a layi, ko da kakansa jiya ya zo. Jerin tarihi na littafi ne, jerin girma na fili ne, kuma a fili ka tara su. Kujera mai hannu ba ta biyan wannan. Baba Ɗanlahadi ya tambaye ka, ya sake tambayarka, iyakar abin da dattijo zai yi wa yaro kamarka ke nan a gaban mutane. Dattijon da ka sa aka zaunar kuwa, kiransa aka yi da sunan ubansa, ka hana shi amsawa. Ka sami mahaifinka ko baffanka ya yi maka jagora, ku riƙe goro ku je gidajen mutanen nan uku. Kada ka je da bayanin bincike. Ka durƙusa ka ce ka yi kuskure, shi ke nan. Ina zaton bayan Baba Ɗanlahadi zai warke.

Daga nan za ka fahimci yadda ake tara jama'a a irin wannan kiɗa. Mutanenku ba kallo suke zuwa ba, zuwa suke a kira su. Wanda ya bar gonarsa da kabarin iyayensa ya dawo zaman haya a gari, in aka buga taken gidansu, an shaida masa cewa har yanzu shi wani ne. Rahila ta gane haka, ta je inda mutane suke, ranar da suke da sukuni, ta gayyace su da ƙafarta. Wannan ba sa'a ba ce, aiki ne, kuma ka yi mata adalci ka kira shi da sunansa.

Ita ma ba zan wanke ta ba. Sa sunan wani gida a kan taken wani ba ƙaramin abu ba ne, musamman yanzu da waya ke kai abu inda ƙafa ba ta zuwa. Yaron da ya gani haka zai riƙe, nan da shekaru kuskuren ya zama tarihi. Datse kirarin tsofaffi ma asara ce. Kuma wasan taubashi yana da iyaka, bai kamata ta taka ka a inda ta san yana maka ciwo ba. Sai dai rawar samari da kake ƙorafi a kai, ka sassauta. In ba su shigo da tasu ba, ba za su tsaya su koyi ta kakanninsu ba. A ba su lokacinsu bayan manya sun gama.

Ka lura cewa ta nemi faifanka. Mai raina ka ba ya neman abin hannunka. Ka gaya mata kwamfutar lafiyarta lau, kishi ne ya hana ka ba ta, za ta yi dariya ta ƙara maka suna, ka jure. Sannan ku tambayi gidauniyar ko tana karɓar ƙungiyoyi biyu da suka haɗe. Ƙa'idojin da ka lissafa, ita tana da jama'a, kai kana da tarihi da tsari da kiyaye lokaci, wanda shi ne ainihin abin da ta rasa. In za ku haɗe, ku zauna gaban babba ku fayyace wa ke riƙe da me, sunan wa ke kan me, kuma mene ne rabon makaɗa, don kada abin da ya fara da ganga ya ƙare da gaba. Kowane bidiyo ya fita da sunan gidan da ya dace, cikakken kirari kuma a adana shi a wurinka. In gidauniyar ta ce ɗaya take so, ta kuma ɗauki Rahila, ka taya ta murna ka ba ta faifan duk da haka. Taken nan sittin da huɗu amana ce ta gidajen da suka ba ka, ba don su kwanta a kwamfuta suka ba ka ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Tsohon nan ya hango ka a bayan mota, yana da dalilin da zai kau da kai, amma ya buga maka taken kakanka. Ba tona ka ya yi ba, hanya ya buɗe maka. Ranar kasuwa mai zuwa ka bar takarda da biro a gida, ka ari garma, ka tsaya inda zai gan ka. Kirarin Gide yana cikin abin da ka naɗa, ka fi kowa saninsa. In ya buga, ka shiga. Ko muryarka ta yi rawa ba komai, jama'a za su ƙarasa maka. Kujerun kuma ka kai wa tsofaffin, gaskiya Rahila ta faɗa, suna gajiya da tsayuwa.

Allah Ya wanke maka zuciya, Ya ƙara zumunci tsakaninka da 'yar'uwarka, Ya dawo da zaman lafiya ƙasarku har ganga ta koma gona.

Hajiya Lauratu